Kawu Da Sauransu

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma a gidansa na zauna shekara uku lokacin da nake kwalejin horon malamai. Sana'arsa gyaran agogo. Yana da tebur mai gilashi a bakin wani kantin magani kusa da mahaɗar titi, da kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mai jira. Sana'arsa ta biyu kuwa fim. Idan aka buga fosta, sai a jera sunayen manyan taurari uku ko huɗu, a can ƙasa a rubuta "da sauransu". Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce ta fara ɗora yatsa a wurin ta ce ga sunan Malam nan an sa. Tun daga ranar sunan ya bi shi, har abokan hirarsa suka ɗauka.

Da ƙuruciya ba haka ya so ba. Mamata ta ce yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai babu madubin da ya huta a gidansu. Ya je gidan hoto ya ɗauki kala goma sha biyu, a wani ya riƙe ƙugu, a wani ya rataya kwat a kafaɗa, ya riƙa bin ofisoshin masu shirya fim yana rabawa. Shekara biyar yana wannan zirga-zirga. Sai ya rufe tebur da hantsi ya je ya zauna a benci a ƙofar ofis, a ce masa darakta ya fita, ya dawo gobe. Wani ya ce masa yana da tsawo amma kunnuwansa sun cika faɗi. Wani ya ce muryarsa ta mai talla ce, ba ta mai soyayya ba. Masu kawo masa agogo suka gaji da tarar da tebur a kulle, suka koma wurin wani.

Da aka tashi ba shi aiki, sai aka ba shi mai ba da kati a asibiti. Magana ɗaya ce tak a bakinsa: ya ce wa jarumin ya koma ya bi layi. Kawu ya sha turare, ya taje kai, ya faɗi maganar yana kallon kamara ido cikin ido, har da ɗaga gira. Sau bakwai darakta yana tsayar da ɗauka. Daga ƙarshe aka ɗage wurin zuwa jibi, aka ce in bai gyara ba a nemo wani.

A wajen akwai wata dattijuwa da ta daɗe tana fitowa a uwa da kaka. Tana naɗe tabarmarta ta kira shi gefe ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa asibiti karɓar kati. Ya ce ba iyaka. Ta ce to mai katin ya taɓa ɗaga kai ya dube shi? Ya ce a'a.

"To kai wa kake kallo, ɗana?" in ji ta. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Washegari ya je wani asibiti ya zauna a benci tun safe har rana ta take, ba ciwon komai yake yi ba. Ya ga yadda mai katin ke lasar yatsa kafin ya buɗe shafi, da yadda yake magana da takarda maimakon mutum, da yadda yake neman biron da ke maƙale a kunnensa. Da ya koma wurin ɗauka, sau ɗaya aka yi aka wuce. Bayan fim ɗin ya fito, masu acaɓa da 'yan kasuwa suka riƙa ce wa juna "koma ka bi layi" da irin muryarsa, alhali yawancinsu ba su san ko wane ne shi ba.

Daga nan ya daina zaman benci a ofisoshi, ya koma teburinsa. Ya ce ashe makarantar tana gabansa bai sani ba. Mutum zai kawo agogo ya zauna minti ashirin yana jira, Kawu na sanye da ɗan gilashin nan na ido ɗaya, yana kama ƙananan kusoshi da hantsaki, ɗayan idon kuwa yana kan mai agogon: yadda yake zama, yadda yake karkaɗa ƙafa, yadda yake ƙaryar cewa agogon bai taɓa faɗuwa ba. Idan ya dawo gida muna cin abinci sai ya kwaikwayo mana su ɗaya bayan ɗaya, har Inna ta ce ya bari mu haɗiye kada wani ya ƙware. Shekara ashirin da wani abu ya fito a direba, da maigadi, da alƙali mai gyangyaɗi, da dillalin gidaje, da likitan da ke tsoron allura. Kwana biyu ko uku ya gama nasa ya dawo ya buɗe tebur. Taurarin da ya fara aiki da su da yawa an daina jin ɗuriyarsu, shi kuwa ba a rufa wata biyu ba a kira shi ba.

Ina shekarar ƙarshe a kwaleji wani matashin darakta ya zo gida da kansa. Ya ce tun yana firamare yake kallon Kawu, kuma ya rubuta labari mai dogon zango a kan wani tsohon shugaban makaranta da 'ya'yansa ke son raba shi da gidansa. Kawu yake so ya zama jarumin. Inna ta kira danginta kaf a waya. Mamata ta yi kuka, ta ce abin da ya nema da ƙuruciya ga shi ya biyo shi har ɗaki. Shi ma Kawu ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na gan shi tsaye a gaban fostar da aka liƙa a jikin kantin magani, fuskarsa ta cika rabin takardar, ya daɗe yana kallo hannu a baya.

Matsalar ta fara ne tun a kwanakin gwaji. Kawu ya zo da shugaban makarantarsa a shirye: mutum mai goge tabarau da gefen riga, mai ɗan tari kafin ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba. Mai kamfanin da ke shirya fim ɗin ya ce a cire tarin, jarumi ba ya tari. Aka rina masa gemu. Aka ce ya daina sunkuyar da kai domin fitila ta sami fuskarsa. Aka buɗe masa shafi a waya, aka ce kullum ya ɗauki kansa yana gaida masoya. Aka kai shi gidan rediyo aka tambaye shi sirrin ɗaukakarsa, ya rasa abin cewa, ya ɓige da bayanin yadda ake canza batirin agogo.

Teburin ma ya gagare shi zama. Duk wanda ya zo ba agogo ya kawo ba, hoto ya zo ɗauka. Wanda ya kawo agogon kuma sai ya zauna a miƙe kamar mai jiran hoton fasfo, yana murmushi, ba ya karkaɗa ƙafa, ba ya ƙarya. Wata rana ana ta kiran sunansa daga tsallaken titi hannunsa ya goce, ya karya hannun agogon wani tsoho, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. A gida ya daina kwaikwayon kowa. Sai ya ci loma uku ya ture kwano ya ɗauki takardun hadda. Inna ta ce mini a kicin, murya ƙasa-ƙasa, ita fa wannan baƙon mai baƙin gemu ba ta san shi ba, a dawo mata da mijinta.

Saura kwana huɗu a fara ɗauka ya kira ni da safe ya ce in kawo biro da takarda, rubutuna ya fi kyau. Ya yi mini shiftar wasiƙa zuwa ga darakta: yana godiya, yana neman afuwa, amma a nemi wani. Sau uku muna sakewa, don yana tsoron karya zuciyar yaron da ya yarda da shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya sa takalmi, yana buɗe ƙofa sai ga daraktan a tsaye zai ƙwanƙwasa.

Suka zauna a falo, na kawo shayi. Ban taɓa jin gaisuwa mai tsawon wannan ba. Suka tambayi lafiyar gida, da aiki, da gajiya, suka sake komawa kan lafiyar gida. Darakta yana ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Kawu yana ta taɓa aljihu. Can dai yaron ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Baba, ban san da wane baki zan faɗa maka ba. Masu kamfani sun ce sai dai a sa fuskar da aka fi sani. Na yi iya yina, wallahi. Sun ƙi."

Kawu ya dube shi. "An cire ni ke nan?"

"An cire ka, Baba. Ka yafe mini."

Sai Kawu ya jingina da kujera ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, daga nan ya fara dariya, irin wadda kafaɗu ke rawa kafin sauti ya fito. Darakta ya ɗago a tsorace, yana zaton abin ya taɓa shi ne. Kawu ya zaro takardar ya miƙa masa. Yaron ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da ita, shi ma yana dariya yana share ido. Ya ce kwana uku ke nan yana zuwa bakin layinmu yana juyawa.

Da suka natsu Kawu ya ce a kawo burodi, yunwa yake ji. Yana ci yana tambaya ko an riga an ba wani matsayin masinjan makarantar, wani tsoho a labarin da ke zuwa aron jarida kullum ba ya mayarwa. Darakta ya ce ai fitowa huɗu ce kawai. Kawu ya ce ta ishe shi, kuma da sharaɗin za a bar masa tarinsa.

Inna ce ba ta huce da wuri ba. Ta yi mako guda tana cewa an wulaƙanta mata miji, ga shi ta riga ta gaya wa duniya. Shi ma ranar da aka liƙa sabuwar fosta a kan tasa ya dawo gida ya ce abin ya ɗan sosa masa rai, kada in ce bai sosa ba. Amma ya cinye abincinsa tas ya nemi ƙari. Rinin gemun ya ɗauki wata biyu kafin ya fita, rabi fari rabi baƙi, darakta ya ce a bar shi haka, ya dace da masinja. Fitowa huɗun nan ta koma goma sha ɗaya, don marubutan sun riƙa ƙara masa wuri.

Yanzu ya haura sittin. Hannunsa ya fara rawa, ƙananan agogon mata sun fi ƙarfinsa, ya fi gyaran tabarau da canza maɗauri. Zuwana na ƙarshe na tarar an ba shi wani majinyaci da ke barci a gadon asibiti yayin da jarumai ke rigima a kansa, babu magana ko ɗaya. Ya sa Inna a gaba wai sai ta nuna masa yadda yake minshari, tunda shi bai taɓa jin kansa ba. Ta ce shekara talatin da biyar tana haƙuri da abin nan, yau kuma ita za ta koya masa? Amma ta ajiye tsintsiya ta zauna ta yi masa, ya ce ta sake, a hankali, yana sauraro ido a rufe.