Ranar Da Na Yi Wa Sola Inuwa

Ko zan manta komai na zamana a Makarfi, ba zan manta ranar da na lulluɓe sola da tamfol ba.

Mutanen unguwarmu ne suka haɗa kai aka kafa farantan sola a rufin Islamiyya, aka ja waya gida-gida. Wutar ta ishe mu har ta yi rara, sai muka ja rarar zuwa asibitin sha-ka-tafi da ke bayanmu, inda ake ajiye alluran rigakafi a firij. Ni aka naɗa shugaban kwamiti, ba don na san lantarki ba, sai don na yi ritaya daga ƙaramar hukuma kuma bakina ba ya gajiya. Mai kula da aikin kuwa 'yar maƙwabcina ce, wadda ta karanto lantarki a Zariya.

Ana gobe baƙi za su zo daga Ikara da Kudan su ga aikinmu, na hau tsani da safe in duba da kaina. Bazara ce. Ina taɓa faranti ɗaya na janye hannu, zafi kamar tanda. Na ce lallai rana za ta ƙona mana kaya. Yarinyar ba ta gari, ni kuma ban kira ta ba, don a ganina shugaba ba ya tambaya. Na ɗauko tamfol ɗin da nake shanya masara, na rufe farantan ruf, na danne da bulo. Na sauko ina jin na ceci unguwa.

Washegari da hantsi na sha babbar riga, na tsaya gaban baƙi ina cewa, "Mu nan wuta har yawa take yi mana." Na danna makunnin fanka in nuna musu. Ko motsi.

Sai ga ma'aikaciyar asibiti tana haki. "Alhaji, firij ya mutu tun asuba! Alluran yara za su lalace!"

Yarinyar, wadda saukarta daga mota ke nan, ta duba batura, ta fita ta ɗaga kai sama.

"Baba, wa ya rufe su?"

"Ni ne. Zafi ya yi musu yawa."

Ta sunkuyar da kai, cikin ladabi ta ce, "Baba, ai ranar ce abincinsu."

Wani dattijo daga Kudan ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Haka na tattare babbar riga na sake hawa tsani, baƙi na kallo, na yaye tamfol. Allah ya rufa asiri, firij ya tashi kafin alluran su yi ɗumi.

Dariyar ba ta dame ni kamar tunanin jariran da na kusa cuta da kyakkyawar niyya ba. Tun ranar, abin da ban sani ba sai na tambaya kafin in taɓa, ko da mai amsar sa'ar 'yata ce.