Ni da Jakata a Ramin Vietnam

Ko tsufa zai share mini komai daga kai, ban ga alamar zai iya ɗauke ranar da na maƙale a ramin yaƙi a ƙasar Vietnam ba. Har gobe in na tuna sai na yi dariya, amma dariyar ba ta rasa 'yar kunya a cikinta.

A shekarun casa'in ne, ina malamin gona a Kafanchan, aka tura ni kwas na wata shida kan noman shinkafa a Thailand. Ana gobe zan tashi, Mama ta ɗauki jakata ta goyo ta ɗinka mata aljihu a ciki don fasfo da tikitin dawowa, ta cusa ƙullin busasshiyar citta saboda mura. Ta yi shekaru tana suyar ƙosai a tashar jirgin ƙasa, ta ga manyan mutane suna kuka don sun juya baya kaya ya yi ƙafa. Ta kama kunnena, ni da gemuna, ta ce, "Jakan nan, ko bayi za ka shiga, ka shiga da shi. Kar ka ba kowa, ko fasto ne. Ka ji ko?" Na ce na ji, Mama. Na kuwa ji fiye da yadda ta so.

Da aka ba mu hutun mako guda, sauran 'yan kwas suka miƙe ƙafa, ni kuwa tawa tana ƙaiƙayi. Duk abin da na sani game da Vietnam a gidan bidiyon unguwarmu na gan shi: daji, jirage masu saukar ungulu, harbi ba tsayawa. Na ce sai na gani da idona. Na goya jaka, na hau jirgi sai Saigon.

Jama'a, ban taɓa ganin babura da kekuna irin na garin nan ba. Ka haɗa taron ranar kasuwa a garin Kasuwan Magani sau ɗari, ka ɗora kowa a kan babur, to ka kusa. Na ga mutum ya goya matarsa da 'ya'ya uku da kejin agwagi, yana tafiya hankali kwance. Na daɗe a bakin titi ina jiran a rage in tsallaka, ashe ba a ragewa. Wata tsohuwa mai kwanduna biyu a sanda ta kama hannuna ta ja ni cikin baburan a hankali, su kuma suna ratsewa ta gefenmu. Ɗayan hannun nawa yana riƙe da igiyar jaka gam. Kwana biyu ina yawo kamar wanda aka kwance daga turke. Na sha miyar taliya a kan kujera 'yar mitsitsiya, na shiga gidan tarihin yaƙi da bakina cike da surutu, na fito shiru, domin hotunan da na gani ba irin na gidan bidiyo ba ne.

Rana ta uku na bi wata bas ta masu yawon buɗe ido zuwa ƙauyen da ramukan yaƙi suke. Mai yi mana jagora wani tsoho ne siriri, hannunsa na hagu ya tsaya a gwiwa. Ya share ganye da ƙafa, ya ɗaga wani murfin katako da bai fi faifai ba, sai ga rami. Da guntun Turancinsa ya ce a ƙarƙashin nan suka zauna ana ruwan bama-bamai a sama, a nan suka yi girki, suka yi jinya, har haihuwa an yi. Na tuna labarin kakata na kogunan dutsen Kagoro inda mutanenmu suka ɓuya daga mahara. Na ƙagu in shiga.

Kowa ya ajiye jakarsa a ƙarƙashin rumfa. Tsohon ya nuna tawa ya ce, "Ajiye, abokina." Na girgiza kai. Ya sake faɗa, na sake girgizawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ni ƙato guda, ya ce to in shiga ƙarshe, shi yana bayana.

Da farko a tsugune nake tafiya ina jin daɗi, daga baya ya koma rarrafe. Zafi, duhu, warin ƙasa. A wata kwana jakar ta kama rufin ramin. Na yunƙura da ƙarfi, abin da ya ƙara cusa ni ke nan. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Numfashina ya fara guntulewa, na kira Yesu da Hausa, na kira shi da yarenmu. Sai na ji muryar tsohon a bayana, ko ɗaga ta bai yi ba: "Zare hannu ɗaya, sannan ɗayan. Bar mini jakar."

Gaskiya zan faɗa, sai da na tsaya tunani. Fasfo, tikiti, kunnena da Mama ta ja. In jakar nan ta tafi, yaya zan koma Kafanchan? Ya ce, "Iska tana gabanka, abokina. Tafi." Na zare hannuwana na ja ciki har na ga haske.

Na fito ina dariya kamar wanda ya ci gasa, sauran baƙin suna tafa mini. Murnar ba ta jima ba, don tsohon bai fito ba. Na tuna ya ce ramin nan bakinsa da yawa. A raina har na gama yanke masa hukunci, na ce shi ke nan, ya bi ta wata ƙofa. Can sai ganye ya motsa a bayanmu, ga shi ya ɓullo jajir da ƙasa, igiyar jakata a haƙoransa. Hannu ɗaya gare shi, da shi ya yi rarrafe, jakar kuwa da baki ya jawo ta.

Abin da na yi shi ne na fizge jakar na zuge ta na laluba aljihun Mama. Da na ɗago, yana tsaye yana haki yana kallona. Ya ce, "Komai yana nan?" Na ce yana nan. Ya gyaɗa kai ya kakkaɓe rigarsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Daga baya aka kawo mana abincin da suka rayu da shi lokacin yaƙi, sai na ga dafaffen rogo ne da dakakkiyar gyaɗa, kamar a tsakar gidanmu. Na kwance ƙullin cittar na miƙa masa duka da hannu biyu. Ya gutsura, idonsa ya kawo ruwa, ya yi dariya ya buga kafaɗata.

Da na dawo gida na kwashe labari na ba Mama, ina jiran ta yaba mini riƙon amana. Ta ajiye ludayi ta ce, "Kai da jaka, wanne na haifa?" Sannan ta ce, "Baban nan, ka gode mishi kafin ka buɗe, ko bayan ka buɗe?" Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da aikinta, ba ta sake tambaya ba.

Har yau ba na wasa da jakata a tasha. Amma ranar ta koya mini cewa in mutum ya ɗauko maka kayanka da haƙoransa, fuskarsa ake fara dubawa kafin kayan.