Dutsen da Na Hana Ta Kaɗawa

Wannan abu ya faru damina ɗaya bayan shekarar da aka rufe kasuwanni saboda annoba, maigidana kuma yana da shekara huɗu a ƙasa. A kakar ne jikata ta zo Gwaram hutu daga jami'a, da littafi mai hotuna a jakarta.

Muna tsakar gida ina sussukar masara, maƙwabciyata tana taya ni. 'Yar wajen Fagam ce, aure ya kawo ta kamar yadda ya kawo ni daga Birnin Kudu. Sama da shekara hamsin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Yaya take ce mini, ko da yake ban tabbata na girme ta ba.

Yarinyar ta buɗe mana hoton wani kan mutum na dutse, ya fi ɗaki tsayi, hanci a baje.

Maƙwabciyata ta ce, "Kai! Wannan ai mai naman bakin tasha ne."

Muka yi dariya har da hawaye. Jikata ta ce mutanen da suka sassaƙa shi Olmek ake kiransu, can ƙasar Meziko, tun kafin zamanin Annabi Isa. Bayansu wasu da ake kira Maya suka yi tashe, suka gina birane da dogayen gine-gine, suka yi rubutu da lissafin kwanaki. Dukansu masara suke ci, dukansu suna wasa da ƙwallon roba. Masana na gardama: wasu sun ce Olmek uwa ce, Maya a wurinta ta sha. Wasu sun ce a'a, 'yan'uwa ne da ke cuɗanya, wannan ya ba wancan, wancan ya ba wannan.

Ni dai maganar uwa kaɗai kunnena ya ɗauka. Na ce, "To ai mu ne Olmek ɗin."

Na ba jikata labarin duwatsun garinmu Birnin Kudu, masu zanen shanun da ba wanda ya san hannun da ya yi su, da dutsen da in ka buga shi da ƙaramin dutse yake amsawa kamar ƙarfe. Muna 'yan mata, kafin a kai amarya sai mun raka ta can mun kaɗa. Ta ajiye wayarta a kan tabarma tana ɗaukar muryata. Bakina kuwa ya buɗe, don Allah ya ba ni baki, ban taɓa ɓoyewa ba.

Can maƙwabciyata ta ce, "Mu ma muna da irinsa a bayan gonakinmu. Amma namu ba na biki ba ne. In gero ya fara ido ake kaɗa shi, kuma kiɗan daban yake. Kakata ce ta koya mini."

Jikata ta juya da wayar wajenta. "Inna, don Allah kaɗa mini."

Ta jawo ƙwarya ta kife, ta soma bugawa da 'yan yatsu. Bugu uku, ta ɗan tsaya, biyu. Wallahi ban taɓa jin irinsa ba, kuma abin da ya ƙona mini rai ke nan. Shekara hamsin ni ce mai labari a unguwar.

Na ce, "Ke rufa mana asiri. Namu ne kuka ara kuka lalata. Me ƙauye ya sani ban da korar tsuntsu?"

Jikata ta ce, "Haba Hajiya, ai yanzu na gaya miki ba lallai uwa da 'ya ba ne."

Na ce, "Boko ne zai gaya mini garin da ya girmi wani?"

Maƙwabciyata ta ɗauke hannunta daga ƙwaryar. Ta yi murmushi ta ce, "Gaskiyarki Yaya. Bari in duba tukunya." Na san ba ta ɗora komai ba, don ba hayaƙi a gidanta.

Ba mu yi faɗa ba. Gaisuwa ba ta yanke ba, gishiri da daddawa suna ƙetare katanga kamar da. Sau nawa na yi niyyar in ce ta ƙarasa mini kiɗan nan, sai in ji harshena ya yi nauyi. Jikata ta ce za ta koma wurinta hutu mai zuwa. Kafin hutun, zazzaɓin kwana shida ya ɗauke maƙwabciyata.

Na aika Fagam a tambayo. Aka ce masu fasa tsakuwa sun gama da dutsen, matasa ba su ma san an yi shi ba. Abin da ya rage a wayar bugu biyar ne, sai muryata a kai tana cewa rufa mana asiri.

Cikin 'yan matan da muka hau dutse tare, saura mu uku: ni, da wadda ta makance a Maruta, da wata da 'ya'yanta suka ɗauke zuwa Kano. A ɓangaren maƙwabciyata kuwa ƙaninta kaɗai ya rage, shi ma kunnensa ya toshe.