Ƙatona da Siririn Nasiru

Karo na tara ke nan a jere Nasiru yana kayar da ni. Na aje abin buga gem ɗin, na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

Ɗan kawuna ne, kuma ranar Asabar ni da shi za mu kara a gasar gem ɗin faɗa a Gwadangaji. Wanda ya faɗi ya fita ke nan. A gem ɗin, ni wani ƙaton ɗan kokawa nake ɗauka, wanda ba ya da amfani sai ya damƙi mutum. Shi kuwa siriri yake ɗauka mai dogon hannu, yana dukana daga nesa yana ja da baya. In na yi tsalle ya tare ni a sama.

Jiya ne wannan, a gidansu a Argungu. Kawu yana gefe yana gyaran taru, ashe yana kallonmu.

Ya ce, "Kai ɗana, don mi kaka bin shi da gudu? Ba a kama kihi tsakiyar gulbi. Taka sannu ka matsa shi har gaɓa, inda ba shi da wurin gudu."

Muka sake farawa, na daina tsalle. Ina karewa ina takawa, har na ƙure shi a ƙarshen allo. Na damƙe shi, na ci.

Ina cikin murna Kawu ya ce, "Kada ka cika baki. Shi ma ya ji ni, kuma cikin kwalekwalena ya girma."

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Ku masu ɗaukar ƙato, yaya kuke yi da kifin da ya riga ya san gaɓa?