Hannun Nek Ilham da Aikin da Bai Ƙarasa Ba

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Maimon binti Ossen, wadda duk garin Katanning ya sani da Nek Ilham, don Ilham ce jikarta ta fari. A al'adarmu da sunan ɗa ko jika na fari ake kiran mutum: Nek kaka, Mak uwa, Pak uba. Ta cika a gidan 'yarta bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. An yi mata sutura washegari ana yayyafi, manoma suna ta shuka a gonakin da ke bayan maƙabarta.

Nek, ban saba yin magana a gabanki ba sai kin tambaye ni. Yau ki yi mini uzuri.

Na san ki tun ina ƙarama, lokacin da iyayenmu suka baro tsibirinmu na asali suka zo nan aikin mayanka. Mata suka shiga ɗakin sanyi suna raba nama da ƙashi tun safe har La'asar, kafaɗu suka sandare, yatsu suka daina jin allura. Duk wadda abin ya isa, gidanki take nufa. Kina ɗumama man kwakwa a ɗan kofi, ki yi bisimilla, ki fara daga tafin ƙafa ko da wuya ne ke ciwo. Taɓawarki ba ta fi nauyin mayafi ba. Sai ki ɗage hannu, ki tafi ɗora buta, ki bar mutum kwance shi da jikinsa.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu, wuyana ya ƙi juyawa, har sallamar salla sai na juya da jikina gaba ɗaya. Kika dafa ni kika ce, "Mak Rafidah, wannan kafaɗa ce, ko cinyar tunkiyar da ta kwana a ɗakin sanyi?"

Na ce, "Nek, ki ɗan danna da ƙarfi mana."

Kika ce, "In ƙarfi kike so, je ki jingina da taraktar maƙwabcina Pak Hamdan. Ni ba burodi nake kwaɓawa ba."

Na yi dariya, dariyar ta zarce ta zama kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ba ki ce in yi haƙuri ba. Kin riƙe dugadugaina har na gama.

Ba ki taɓa ce wa kowa ta zo ba. Ko kin ga mace tana ɗingishi a harabar masallaci, gaisuwa kawai kike yi. Kin ce haka kakarki ta koya miki: hannu ba ya shiga inda ba a kira shi ba.

Marziya ce ta ƙarshe a hannunki, kuma dominta na ɗauki alƙalami. Baƙuwa ce daga Afghanistan, ta iso ƙasar nan ta teku. Kwale-kwalensu ya kife, ta rungume ƙaramin ɗanta da hannun dama a cikin ruwa, aka tsamo ta babu yaron. Tun daga ranar hannun ya naɗe a ƙirjinta, yatsun a dunƙule. Likita ta duba ba karaya, ta ba ta magani da motsa jiki, ke ma daga baya kika ce kada ta bari. Shekaru ta yi a haka ba ta nemi kowa ba, sai da 'yarta da ta rage mata ta samu ciki. Ta zo mini da ɗan Turancinta ta ce tana so ta ɗauki jikanta da hannu biyu. Ni na riƙa kai ta gidanki a mota duk Alhamis, ina zaune a gefe ina riƙe da kofin mai.

Watanni kika yi ba ki taɓa hannun nan ba. Ƙafa, baya, hannun hagu, sai shayi. Har na gaji na ce, "Nek, hannun dama ne fa ke ciwo."

Kika ce, "Allah Ya saka, Malama, da ban sani ba. Akwai wanda take riƙe da shi a nan. In na ɓamɓare yatsun, na ƙwace mata shi karo na biyu."

Wata Alhamis, bayan ƙaramar Salla, Marziya da kanta ta kamo hannunki ta ɗora a kan wuyan hannunta. Ba ki motsa ba. Can sai ta ce, "Sajjad." Ba mu taɓa jin sunan yaron ba sai ranar. Jikinta ya ɗauki rawa, kika lulluɓa mata bargo da ɗaya hannun, yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, farata sun yi mata rami a tafi. A hanyar gida tana ta kallon tafin kamar na wata.

Saura gwiwar hannu. Kika ce mata, "Kada ki yi gaggawa, 'yata, jaririn ma ba gaggawa yake yi ba." Ashe lokacinki ne ya gajarta.

Bayan addu'ar bakwai, muna wanke tukwane, Marziya ta tsaya a bayana ta ce, "'Yar'uwa, ke kin gani. Ki yi mini." Sai Mak Ilham, 'yarki, ta ajiye ludayi ta ce mana kin sha faɗa mata, "Wadda take son aikin nan za ta tambaya." Shekara da shekaru kina jira wata a cikinmu ta buɗe baki.

Nek, mu kuma ga abin da ya rufe mana baki. A tarbiyyarmu, ka ce wa tsoho ya koya maka abin hannunsa yana raye, kamar ka ce masa ya shirya tafiya ne. Mun zaci in lokaci ya yi za ki kira wadda kika zaɓa. A wurin wankin tukwanen nan mata huɗu suka ce sun so su tambaya. Ita kanta Mak Ilham ta so. Kina mana kara, muna miki kunya, har ƙasa ta rufe abin da kakarki ta ɗauko daga kakarta.

Ina zuwa wurin Marziya duk Alhamis. Ina ɗumama mai, in yi bisimilla, in riƙe ƙafafunta yadda na ga kina yi. Iyakar abin da ido ya ɗauka ke nan. Ban san abin da kike ji a ƙarƙashin fata ba, wanda yake gaya miki ki tsaya ko ki ci gaba, don haka ban kusanci gwiwar ba, ina tsoron in ɓata aikinki. Haihuwa ta kusa, bayan babbar Salla ake sa rai. Jiya na same ta tana gwada ɗaukar matashi da hannun hagu, na daman yana shafa shi daga inda ya tsaya. Ta ce, "Haka ma zai ji ɗumina, ko?" Na ce zai ji.

Ya Allah, baiwarKa Maimon ta zo gare Ka. Ka karɓe ta da taushin da ta karɓi bayinKa, Ka yafe kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka warware wa Marziya abin da ya rage, don waraka taKa ce tun farko.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mak Ilham da mijinta Pak Ilham, da Ilham da ƙannenta, da dangi na nan da na tsibiri, da duk macen da ta taɓa kwanciya a tabarmarki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Mak Rafidah,
Katanning.