Mutumin da ke jikin zanen Isha'aku

Duk wanda ya yi aski a unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki, wajejen 1990 ya san Isha'aku wanzami, mutumin Damagaram. Hannunsa da sauƙi, bakinsa ne dai ba ya hutu. Saman madubinsa akwai wani zane da ya tsinto a kasuwar gwanjo: ƙaton gidan sarautar Turawan da can a kan tsauni, dare ya yi, wata ya leƙo ta cikin gajimare, taga ɗaya tak ke da haske. Can ƙasa ga wani ɗan mutum, bai fi ƙwayar dabino ba, yana hawa da sanda.

Isha'aku bai san wanda ya zana ba, bai san ƙasar ba, amma ya san labarin kaf. "Baƙo ne ya daɗe a waje," in ji shi, aska na bin ƙeyarka. "Waccan fitilar uwarsa ce ta ƙi kashewa." In ka ce ina ya sani, sai ya danna maka kai ƙasa.

Wata rana kafilinsa Hamad, Balaraben da ya tsaya masa kan takardun zama, kuma mai shagon, ya zo da sabon tabarau. Ya kai hancinsa jikin zanen.

"Ya Is'haƙ, wannan mutum ne! Sura mai rai, haramun ce. Ko ka cire masa kai, ko ka sauke zanen. Khalas, magana ta ƙare."

Abin ba wuya, yawanci layi ɗaya ake ja a wuya, a wuce wurin. Abdulghani mai shayi ma ya ce, "Kai da aska a hannu, yalla, yi mana!"

"Haba Abdulghani! Mutum ya sha wannan hawa, ya kusa ƙofar gidansu, sai ni in yanka shi?"

Kwana biyu shagon shiru, har muka fara kewar surutun.

Da Hamad ya dawo, zanen na nan. Ya goge tabarau, ya bi hanyar da ido tun daga gindin tsaunin har sama. Ba kowa. Ashe Isha'aku ya ɗibi baƙin rinin gemu da tsinken ashana, ya shafe mutumin a hankali, har ya saje da duhun.

"Fen ar-rajjal? Ina mutumin?"

"Ya isa, Ammi Hamad. An buɗe masa."

Hamad ya daɗe yana kallon tagar nan. Sannan ya cire hula, ya zauna a kujera.

"Rage mini gefe kawai," ya ce.