Sunan da Kaltum Ba Ta Kamawa

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar tattasai ta Diffa da hantsi, sai ya yi atishawa a ƙofar gidan Kaltum. Dakan yaji ne sana'arta. Tana soya tattasai sama-sama, ta haɗa da citta da kanumfari da ɗan garin bandar kifi, haɗin da ta taso da shi daga Baroua, can kusa da Bosso.

Shekarar da aka ce kowa ya tashi daga bakin tabkin Cadi saboda 'yan bindiga, mijinta yana cikin ruwa wajen kamun kifi. Ita kaɗai ta hau motar kaya, da tabarma da ƙullin kayan yaji. Bayan wata biyu wani masunci ya same ta a Gagamari, inda aka sauke su, ya ce ya ga kwalekwalen maigidanta a kife. Gawa dai ba a gani ba. Ta jira shekara huɗu kamar yadda malamai suka ce, sannan aka yi sadaka, ta yi takaba. Amma har yau in ta ji an yi sallama da muryar namiji mai kauri, sai taɓarya ta tsaya mata a sama.

Mace ce mai kunya irin ta da. Tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunansa ba. Da yana nan, maigida. Da ya ɓace, marigayi.

Nazifa, sakatariyar ƙungiyar mata masu yaji, ita ta buɗe musu shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog. Shekara guda masu karanta shi uku ne: ita, da mijinta, da ƙanwarta ta Damagaram. Sai da aka kira su formasiyo, wato horo, ta gane inda ɓarakar take.

"Inna Kaltum, ashe talla muke cikin ɗaki, ƙofa a rufe!" in ji ta. "Na sa wa shafi suna Haɗin Kai. Wa zai zauna ya tambayi Gugul haɗin kai? Mai neman tattasai, tattasai yake bugawa. Dole a sa sunan kaya da na gari da na mai yi, a sama da ƙarƙashin kowane hoto."

"Sunana? Duniya ta gani? Kin san masu karanta abin nan?"

Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin hoto ya tsaya a hannu da turmi. Nazifa ta rubuta: Tattasan Diffa, yajin Kaltum 'yar Baroua. Kafin wata ya mutu masu karatu sun yi yawa, har daga Agadez ana tambaya.

Wata Laraba da azahar Nazifa ta faɗo gidan, mayafi a hannu. Akwai wurin da ke nuna mata kalmomin da mutane suka buga kafin shafin ya fito musu. Yawanci tattasai ne da yaji. Ɗaya ce daban.

"Inna, wane ne Lado?"

Taɓarya ta suɓuce, ta buge ƙwarya, yaji ya watse. A Diffa kaf ba wanda Kaltum ta taɓa gaya wa wannan suna.

"Karanta duka," in ji ta, muryarta kamar ba tata ba.

"Kaltum Baroua, matar Lado mai su, tana da rai? Haka aka buga. Juma'a uku a jere."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Maƙwabciyarta Hawa ce, da ta leƙo jin ƙara. "Ku goge abin nan yanzu! Wa ya sani ko 'yan bindigar daji ne? Mamaci yana buga waya?"

Kaltum ta zauna a ƙasa cikin yajin, ba ta ko ji zafinsa ba. Wata huɗu da kwana goma ta yi a ɗaki, ba lalle, ba turare. Wa ta yi wa ke nan?

Nazifa ta ce injin ba ya faɗin wanda ya buga. Kuma shafinsu can ƙasa yake fito masa, don sunan Lado da mutumin yake bugawa babu shi a ciki. Wataƙila bai ma gangara ya gani ba.

"In kina so ya fito masa a farko, sai an sa sunan maigidan cikakke a sama, da lambar waya. Ni kuwa ban san sunan mahaifinsa ba."

Hawa ta girgiza kai. Kaltum ta dubi turmi. Sannan ta juya fuskarta ga katanga, ta ja gefen zane ta rufe baki.

"Lado Mahaman," in ji ta.

Ran Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, tana suyar tattasai, waya ta yi kuka. Lambar Cadi ce.

"Salamu alaikum. Gidan mai yaji ne?"

Muryar ta tsufa, da tari a ciki. Kaltum ta ji kamar ta san ta, amma gargaɗin Hawa na kunnenta.

"Bawan Allah, me ba ka so a yaji?"

"Kanumfari! Shekara ashirin ina faɗa, kina sawa."

Ya ce yana Baga Sola. Wasu masunta suka tsamo shi, ƙafa ɗaya ta tafi. An ce masa motar da ta hau ta ƙone a hanya, shi ma ya yi mata sadaka. Bana wani direba ya ce ya ci irin yajinta a Diffa, shi ya sa duk Juma'a yake roƙon mai cajin waya ya buga masa sunanta.

"Malam," in ji ta, "na yi maka takaba fa."

"Na yafe. Ke dai gaya mini, wa ya ba su sunana?"

Ta ja gefen zane ta rufe baki.

"Kaltum! Ashe kin san sunan nawa?"

Tattasai ya ƙone ƙurmus a kasko, hayaƙi ya cika layin, maƙwabta na tari suna ƙwala mata kira. Tana nan zaune, waya a kunne da hannu biyu.